Numfashin 'Yar Fari

Tun yarinyar nan tana koyon tafiya nake kallon ƙasan maƙogwaronta. Akwai ɗan rami a wurin, inda ƙasusuwa biyu suka haɗu, kowa yana da shi. Nata idan ta yi gudu sai ya riƙa lotsawa ciki yana fitowa, in ka kawo kunne kusa kuma ka ji wani siririn sauti kamar kukan ɗan kyanwa a bayan ƙofa. Ba kullum ba. Wata rana ta wuni tana zagaya tsakar gida lafiya lau, wata rana daga zaure zuwa bakin famfo kawai sai ta durƙusa ta dafa gwiwa. Ina da ƙane da ya rasu yana ƙarami, ban riƙe fuskarsa sosai ba, amma na riƙe wannan sautin. An ce sanyi ne ya shige shi, ba a kai shi asibiti ba. Shi ya sa duk lokacin da na ji shi a ƙirjinta sai in sunkuyar da kai in ci gaba da wanke-wankena.

Shirun yana da dalili. 'Yar fari ce. Iyayen mijina mutanen Kano ne, kasuwanci ya kawo su Maiduguri suka yi gida a Bolori, ni kuma a Hausari aka haife ni, amma tarbiyyar iri ɗaya ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. In ya faɗi wani ne zai ɗaga shi. In ya yi zazzaɓi kakarsa ce za ta taɓa goshinsa ta ce a kawo magani. Yarinyar ma Yaya take ce mini, har yau. Ba wanda ya tilasta mini wannan, a lokacin har alfahari nake da shi, don Hajiya, surukata, takan yabe ni a gaban baƙi ta ce amaryar ɗanta ta san kunya. Na haifi biyu amma amarya take kirana.

Na taɓa gaya wa maigidana sau ɗaya. Tela ne, shagonsa a Hausari, yana fita da safe ya dawo a gajiye. Ya saurare ni, ya ce kowane yaro yana haki in ya yi gudu, washegari ya shigo da maganin tari a kwalba. Ta sha, sautin bai tafi ba. Daga nan na koma yin dabaru a fakaice. Na lura in an sa turaren wuta takan fice daga ɗaki tana tari, sai na daina sawa a ɗakina, alhali a garin nan ɗakin mace ba ƙamshin turare abin magana ne, maƙwabciyata har ta tambaye ni ko kaskona ne ya fashe. In na ga yara sun fara tsere sai in kira ta da aikin zama, tsince shinkafa ko riƙon ƙanenta. Tana zaune tana tsince-tsince, idonta yana zaure.

Goggonta, ƙanwar maigidana, a gidan take. Malamar motsa jiki ce a wata sakandaren 'yan mata, ta kuma koma jami'a tana digiri na biyu a kan ilimin motsa jikin. Ni da na tsaya a firamare da Islamiyya ban taɓa sanin gudu da tsalle abin karatu ba ne har zuwa wannan matsayi. Tana da ƙawaye biyu da suke zuwa ranar Asabar su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya su baza takardu. Ɗaya Babarbariya ce daga Mafoni, tana nazarin halittu, bincikenta a kan wasu ƙananan ƙwari ne da suke zaune cikin katifa da matashi, ido ba ya ganinsu. Ɗayar 'yar wani Inyamuri ce mai shago a kasuwa, a nan aka haife ta, Hausarta da karin Barebari take fita, tana karatun falsafa. Hajiya ta raɗa musu suna: mai tsalle, mai ƙwari, mai surutu. Da mai ƙwari ta shigo ta yi gaisuwarsu ta Barebari ta ce wushe Hajiya, sai Hajiya ta ce ta zauna nesa da shimfiɗarta kada ta zubar mata da 'yan makarantarta. Mai surutu kuwa Hajiya takan tambaye ta, ke har yanzu ba a ba ki takardar shaidar musu ba? Ita kuma ta ce sai Hajiya ta sa hannu tukuna, tunda ita ce shugabar sashen.

Ina kawo musu zoɓo da ƙuli-ƙuli, in zauna gefe da ɗinkin hula, kunnena yana wurinsu. Da haka na fahimci aikin goggon. Tana so ta san yadda numfashin yaran firamare yake canzawa in sun yi gudu da sanyin safiya da kuma in rana ta ɗaga a lokacin bazara. Tana da wani ɗan bututun roba mai ƙaramin harshe a jikinsa, in yaro ya hura da ƙarfi sai harshen ya tafi gaba ya tsaya a kan lamba. Za su hura, su zagaya filin makaranta da gudu, su dawo su sake hurawa. Tana bukatar yara da yardar iyayensu. Ita mai falsafa abin da ya haɗa ta da aikin shi ne yardar: tana bin masu bincike tana kallon yadda suke neman izinin mutane, tana so ta gane ko amsar da mutum ya bayar a gaban wanda yake jin nauyi za a iya kiranta yarda. Na ji su suna jayayya a kai, goggon tana cewa in mutum ya ce to ai ya ce to, ita kuma tana cewa a'a, sai an san ko yana da halin cewa a'a.

Wata Asabar goggon ta ce da 'yarta za ta fara, wato yarinyar nan tamu, don a ga ba ta ɗebi 'ya'yan mutane ta ɓoye nata ba. Ta riga ta tambayi yayanta ya amince. Ta juyo wurina, Hajiya tana zaune kan kujerarta tana jan carbi, ta ce, "Anti, sai ke."

Na ce, "Ai 'yarki ce. Ni mene ne nawa a ciki?"

Hajiya ta gyaɗa kai don jin daɗi. Yarinyar ta yi tsalle ta rungume goggonta. Aka ce Asabar mai zuwa. Ni kuwa na tashi na shiga kicin kamar zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba. Filin makarantar na sani, faɗinsa ya ninka tsakar gidanmu ban san sau nawa ba, kuma na san halinta, in ta ga yara a gabanta ba za ta tsaya ba sai ta faɗi.

Makon nan na gwada duk wata hanya ta gefe. Na ce zafi ya yi yawa bana. Goggon ta ce ai zafin take nema. Na ce ranar Asabar mai kitso za ta zo. Aka ce a mai da shi Lahadi. Yarinyar kuma ta ɗauki abin da gaske, kullum bayan la'asar sai ta ɗaure ɗankwali a ƙugu tana atisaye daga zaure zuwa bandaki, goggon tana tafa mata daga nesa. Daga nesa ba a jin sautin. Ni ce nake ji, in ta zo shan ruwa a randa kusa da ni.

Ana jibi za a yi, mai falsafa ta zo ita kaɗai da hantsi, wai ta manta littafi. Ba ta nemi littafin ba. Ta same ni a kicin ina gyaran kuɓewa, ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta ɗauki wuƙa ta fara yanka da ni. Yankanta manya-manya ne, na ƙyale ta. Muka yi hirar tsadar gawayi da ta ɗana da yake haƙori. Can ta ce ranar da aka tambaye ni ta ga na matse bakin zanena a hannu har na tashi ban sake shi ba. Na ce zafi ne. Ta yi dariya ta ce ita ma a garin nan ta girma, ta san zafi.

Ban san abin da ya sa ba, wataƙila don ita ba dangin miji ba ce, na gaya mata duka, da ramin maƙogwaro, da sautin, da ƙanena. Na kuma bayyana mata cewa 'yar fari ce, bai kamata a ji bakina a kanta ba. Na zaci za ta ce wannan al'ada ta wuce zamani. Ba ta ce ba. Ta ce su ma suna da nasu abubuwan da ba a faɗa gaban surukai. Ta ci gaba da yanka, sannan ta ce, "Anti, da a ce 'yar maƙwabta ce, kika ga abin da kika gani, kika ji za a kai ta fili ta yi gudu. Za ki yi magana?"

Na ce, "Da tuni na shiga gidansu."

Ta ce, "To."

Na roƙe ta ta je ta gaya wa ƙawarta, ta ce kamar ita ce ta lura. Ta ƙi. Ta ce ita ba ta taɓa jin sautin ba, in aka tambaye ta yaushe yake zuwa, me yake tayar da shi, ba ta da amsa, kuma ba za ta ɗauki maganar da na ba ta a kicin ta kai tsakar gida ba sai in ni na kai. Na ji haushinta a lokacin. Ta wanke hannu ta tafi ta bar ni da kuɓewa.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, kowa yana inuwa. Na so in ja goggon gefe, amma na ga in na yi haka Hajiya za ta ji daga baya ta ce an ɓoye mata. Sai na je na durƙusa a gaban Hajiya kamar mai gaisuwa, na ce ina da magana a kan yarinyar nan. Na ce ban yarda ta yi gudun gobe ba sai an duba ƙirjinta. Na faɗi abin da nake gani: yana zuwa bayan gudu, ba a cikinsa ba, yana ƙaruwa in ta yi mura, hayaƙin turare yana tayar da shi, in ta zauna ta huta yana lafawa da kansa, kuma da asuba takan yi busasshen tari.

Hajiya ta dube ni ta dube ni. Ta ce, "Yau amarya ta yi baki."

Goggon kuwa fuskarta ta canza. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce tun tana ƙarama. Ta ce, "Anti, a gida ɗaya muke. Ni aikina ke nan, numfashin yara nake aunawa, ki bar ni in kai ta fili?" Na ga hawaye a idonta, na haushi ne da na tsoro a haɗe. Ban ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Ta shiga ɗaki ta fito da bututun.

Ta sa yarinyar ta hura, harshen ya tafi ya tsaya. Ta sa ta ɗan zagaya tsakar gida, ba da ƙarfi ba, tana biye da ita. Suka zauna suka jira kaɗan, ta sake hurawa. Ni ban iya karanta lambobin a lokacin ba, amma na ga harshen bai kai inda ya kai da farko ba, da tazara mai yawa. Goggon ta kara kunnenta a bayan yarinyar ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta ce ita ba likita ba ce, ba za ta kira sunan ciwo ba, amma ba gudu gobe, kuma ranar Litinin asibiti.

Yarinyar ta yi kuka kamar ranta zai fita. Ta ce Yaya ce ta hana ta, Yaya ba ta son ta. Ta wuni ba ta karɓi komai daga hannuna ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da maganar Hajiya, amma na yi barci ranar fiye da yadda na yi duk makon.

Ni da goggon muka kai ta a keke mai ƙafa uku. A gaban likita goggon ta fara bayani da Turanci, sai likitan ya tambaya wace ce uwar, ya juyo wurina. Na sake jero masa abin da na jero wa Hajiya. Ya yi nasa gwaje-gwajen ya ce fuka ce, mai sauƙi, irin wadda gudu yake tayarwa. Ya ba da maganin shaƙa a ɗan gwangwani, ya nuna mana yadda ake yi. Na tambaye shi ko shi ke nan ba za ta ƙara gudu ba. Ya ce wa ya ce? Ta shaƙa kafin ta fara, ta fara a hankali jikinta ya ɗumama, maganin ya kasance kusa, in ta yi mura ta huta. Ya ce zaman da nake sa ta yi ba ya ƙara mata lafiya.

Mai ƙwari da ta ji labari ta zo da murnarta kamar an yi mata kyauta. Ta zana mini huhu a ƙasa da tsinke, kamar bishiya a kife, reshe yana haifar reshe har su zama sirara, ta ce a wurin mai fuka sirarun nan ne suke tsukewa in wani abu ya dame su, sautin da nake ji iska ce take matsawa ta wuce. Sannan ta roƙe ni in bar ta ta ɗebi abin da ke jikin katifarmu da salatif. Na ce katifata nake shanyawa duk mako, ba ta da komai. Ta ce ta gwamna ma tana da su. Bayan kwanaki ta nuna mini hotonsu a waya, wasu abubuwa masu ƙafafu da gashi kamar kaska. Hajiya ta leƙa ta ce ai ga su nan, dama ta ce kada ta zauna kusa da shimfiɗarta. Tun daga nan nake wanke zanin gadon yarinyar da ruwan zafi, na kuma sa wa katifarta leda.

Hajiya ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata a taƙaice. Ban bi ta da ban haƙuri ba, na ci gaba da kai mata kununta da ruwan alwala kamar kullum. Wata safiya yarinyar za ta makaranta, Hajiya ta kira ta ta ce ta buɗe jaka ta gani ko maganin yana ciki. Ba ya ciki. Ta ɗaga murya ta ce, amarya, zo ki ga aikin 'yarki. Ban taɓa jin ta ce 'yarki ba sai ranar.

Aikin goggon ya ja baya saboda ni. Ta je ta gaya wa malamin da yake duba bincikenta abin da ya faru, ya ce ta dakata, ta koma gidajen yaran da ta riga ta samu izininsu, ta tambayi iyaye mata ɗaya bayan ɗaya ko sun taɓa ganin wani abu a numfashin 'ya'yansu. Bazara ta kusa wucewa, ta yi ta mita tana cewa na ja mata. Mai falsafa kuwa ta ce babi guda ta samu, ta tambaye ni ko na yarda ta rubuta labarin ba suna, ta kuma tambaye ni a kicin, ba kowa. Na ce ta rubuta. Har yau su biyun ba su gama musunsu ba, goggon tana cewa da an tambaye ni sau biyu da na faɗa, ita tana cewa ya danganta a gaban wa.

Wasu gidajen da goggon ta koma ni na raka ta, da ɗana a baya. Ita takan zauna da maigida ko kaka a zaure tana bayani, ni in shige ciki in taya matar gida abin da take yi. Yawanci ba komai, yaran lafiyarsu ƙalau. A wani gida a Mafoni wata mata ta bar tsintsiya ta ce mini ɗanta yana irin wannan tarin, shi ma na fari ne. Muka fito tare ta faɗa da bakinta.

Da aka yi wasannin makaranta na ƙarshen zango na je, na tsaya a bayan igiya cikin mata, da wani gwangwanin maganin a jakata. Na ga yarinyar ta shaƙi nata a gefe, ta yi 'yan tsalle-tsallen da goggonta ta koya mata, ta shiga layi. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma shiga masu kyauta ba. Ta kai ƙarshe da ƙafarta, ta dafa gwiwa, ta miƙe, ta fara waige-waige. Na ɗaga mata mayafina. Wata mata kusa da ni ta tambaye ni ko tawa ce, na ce e, tawa ce. Sunanta dai har yanzu ba na kira, ban ga abin da rashin kiransa ya rage mata ba.

Yanzu na iya karanta lambobin bututun, goggon ta bar mana ɗaya a gida. Ina auna ta in ta yi mura, na san lambar da in ta sauka ƙasa da ita sai asibiti.

Ga roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, musamman masu karatun jami'a da suke shiga gidaje neman yara don bincike, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti. In za ku tambayi abu a kan yaro, ku nemi uwarsa, ku tambaye ta ita kaɗai inda ba surukai, ku ba ta lokaci, ku kuma tambayi ko shi ne na farinta.